Riƙon Toka, kyanwa mai farfaɗiya

Ranar da matar da ke raba wa masu riƙo maguna a ƙungiyar unguwarmu ta kira ni a waya, ba ta fara da bayanin kyanwar ba. Tambayar da ta fara yi mini ita ce ko zan iya kasancewa a gida da ƙarfe bakwai na safe da kuma ƙarfe bakwai na dare a kowace rana, har da Asabar da Lahadi, na tsawon watannin da ita kanta ba za ta iya yanke mini adadinsu ba. Sai da na ce mata zan iya, sannan ta gaya mini cewa kyanwar tana da farfaɗiya, cewa ta faɗi sau biyu a cikin kejinta a mako guda, kuma likitan dabbobi yana ganin hayaniyar wurin da yawan baƙin fuskoki suna ƙara dagula mata lamarin. Na nemi ta ba ni kwana ɗaya in yi shawara da maigidana, ko da yake na san ba zai hana ba. Kalmar farfaɗiya ce ta sa gabana ya faɗi, kuma a lokacin ban tsaya na tambayi kaina dalili ba.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, a nan Ingila kula da magunan da ba su da masu su aiki ne na ƙungiyoyin jinƙai, kuma aikin ya daɗe. Gidan Battersea da ke Landan an kafa shi a 1860 domin karnuka, ya fara karɓar maguna a 1883, ƙungiyar Cats Protection kuma tana aiki tun 1927. Tamu a nan Lesta ƙarama ce, kusan dukkan ma'aikatanta 'yan sa kai ne. Idan kyanwa ba ta da lafiya, ko tana shayarwa, ko zaman keji ya gagare ta, sai a nemi wanda zai kai ta gidansa ya kula da ita har a samu mai ɗaukarta dindindin. Ƙungiya ce ke biyan kuɗin likita da magani da abinci da yashin da take bayan gida a ciki, shi kuma mai riƙo ya ba da ɗaki da lokaci da ido. Ban sha wahalar neman sunan wannan aiki da Hausa ba, domin ni kaina 'yar riƙo ce. Gwaggona ta riƙe ni shekara shida a Zariya, kuma a hannunta na fahimci cewa wanda aka ba riƙo ya fi mai abu taka-tsantsan, saboda ya san akwai ranar da za a tambaye shi amanar da aka ba shi.

An kawo ta a ƙarshen watan Oktoba a cikin akwatin roba mai ƙofar waya, da takarda guda biyu da ƙaramar kwalbar magani. An tsince ta ne a bayan wasu shaguna, ba ta da 'yar na'urar shaida da ake sa wa maguna a ƙarƙashin fatar wuya, wadda doka ta wajabta a Ingila tun watan Yunin 2024, saboda haka babu wanda ya san daga inda ta fito ko yaushe ciwon ya fara. Likita ya duba haƙoranta ya kimanta shekarunta da uku, nauyinta kuma kilo 3.6 ne. 'Yata ce ta sa mata suna Toka saboda launin jikinta. Mun ba ta ƙaramin ɗakin da ke sama, muka fitar da dogon kantan littattafai da ke ciki domin kada ta hau ta faɗo, muka shimfiɗa tsoffin barguna a ƙasa, muka kuma saba da rufe ƙofar matakala. Kwana uku ta yi a ƙarƙashin gado, ba ta fitowa sai dare ya yi tsaka.

A rana ta tara na ga abin da idona. Ina zaune a ƙasa ina ninke kaya, ita kuma tana kwance a kan bargo, sai na ga kunnenta na hagu da gefen bakinta suna motsi kamar ƙuda na damunta. Baƙin idonta ya buɗe ya cika idon, miyau ya fara dalala, ta yi wani irin kuka mai zurfi wanda ban taɓa jin kyanwa ta yi ba, sannan ta kife a gefe ɗaya, jikinta ya sandare, ƙafafunta huɗu suka shiga shure-shure kamar mai gudu a kwance. Fitsari ya zubo mata. An riga an koya mini abin da zan yi, an kuma rubuta mini shi a takarda. Ana duba agogo tun daga farkon abin, a janye duk abin da zai iya ji mata ciwo, a kashe fitila da rediyo, kada a danne ta, kada kuma a kai hannu kusa da bakinta, domin ba za ta haɗiye harshenta ba amma za ta iya cizon mutum ba tare da ta sani ba. Idan da hali a ɗauki bidiyo da waya, saboda likita ba ya nan lokacin da abin ke faruwa. Duk wannan na sani, amma abin da ƙafafuna suka fara yi shi ne ja da baya zuwa bakin ƙofa, kuma na tsinci kaina ina tattare zanena don kada miyanta ya taɓa shi. Sai da na yi ta maza na dawo na durƙusa kusa da ita na danna agogon waya. Daƙiƙa saba'in abin ya ɗauka daga lokacin da na fara ƙirge.

Bayan ta farfaɗo ta kusan minti ashirin ba ta san inda take ba. Tana tafiya tana karo da ƙafar gado kamar ba ta gani, tana zagaye ɗakin tana kuka ƙasa-ƙasa, daga baya ta faɗa wa abincinta kamar ta kwana biyu ba ta ci ba. Na goge mata jiki da tsumma mai ɗumi, na canza bargon, na rubuta kwanan wata da lokaci da tsawon faɗuwar a littafin da na tanada. Ina cikin rubutun ne na gane inda ja da bayan nan ya samo asali.

Muna aji huɗu a firamare a Zariya akwai wata yarinya a ajinmu, shiru-shiru ce, kuma ta fi mu duka iya lissafi. Wata safiya muna layi a filin makaranta ta faɗi tana jijjiga, bakinta na kumfa. Babu wanda ya ce mu gudu, amma duk muka watse muka yi da'ira daga nesa, domin kowannenmu ya taso da jin cewa idan miyan mai farfaɗiya ya taɓa ka, ko ka tsallaka inda ya zuba, kai ma ka ɗauka. Ɗankwalinta ya fita, rigarta ta tattare, ta yi ta bugun ƙasa da kanta a kan tsakuwa ba wanda ya tallafe ta. Wani babba ya zo da cokali yana ƙoƙarin cusa mata a baki. Da aka ɗauke ta, sai aka kawo toka aka zuba a wurin, kuma har aka yi hutu muna kewaye wannan wuri idan za mu wuce. Bayan ta dawo babu wanda ya yarda ya zauna a bencinta ko ya sha ruwa a kofin da ta sha, ni ma ina cikinsu, alhali a da ita ce ke nuna mini lissafin da ya gagare ni. Zango na gaba ba ta dawo ba. Shekara talatin da wani abu ban tuna da ita ba sai a wannan rana, ina durƙushe da tsumma a hannuna.

Da na koma wurin likitan dabbobi da bidiyon da na ɗauka a faɗuwa ta biyu, ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne da wani irin lantarki mai rauni, kuma faɗuwa tana zuwa ne idan tarin su suka kama aiki gaba ɗaya babu tsari, har sai abin ya lafa da kansa. Ba cuta ce da ke yaɗuwa ba, ko a mutum ko a dabba, kuma babu komai a cikin miyan. Abin da ya jaddada shi ne cewa faɗuwa alama ce, dole a nemi abin da ke ƙarƙashinta. Wani lokaci matsalar tana wajen ƙwaƙwalwa, kamar ciwon hanta ko na ƙoda, ko faɗuwar sukari a jini, ko hawan jini, ko guba. Wani lokaci tana cikinta, kamar tsohon rauni daga bugun mota, ko kumburi, ko ƙari, wanda ya fi yawa a tsofaffin maguna. Idan an bincika ba a ga komai ba, kuma kyanwar tana da ƙuruciya, tana lafiya lau tsakanin faɗuwa da faɗuwa, sai a kira shi farfaɗiyar da ba a gano sanadinta ba. An gwada jinin Toka da hawan jininta, komai ya fito daidai. Hoton ƙwaƙwalwa na MRI yana da tsada ƙwarai kuma sai an sa dabba barci, saboda haka ƙungiyar da likitan suka yanke a fara magani a ga yadda za ta karɓa, kuma a ganina sun yi daidai, domin kuɗin hoton nan ɗaya zai iya ciyar da maguna da yawa. Ya kuma tambaye ni ko wani sauti ne ke tayar mata da ciwon, domin a 2015 likita Mark Lowrie da abokan aikinsa sun bayyana wani nau'i da ke kama tsofaffin maguna, masu kimanin shekara 15, wanda ƙarar cokali a kan tangaran ko cukuikuye takardar alminiyam ke haddasawa. Na duba littafina ban ga alamar haka ba.

Maganin da aka ɗora ta a kai shi ne fenobabiton, rabin ƙwaya mai miligiram 15 kowane awa goma sha biyu. Na faɗi adadin ne don a ga ƙanƙantarsa, ba don wani ya kwaikwaya ba, domin likita ne ke auna shi da nauyin dabba da sakamakon jininta. Tsohon magani ne, tun 1912 wani likita Bajamushe mai suna Alfred Hauptmann ya gano yana hana faɗuwa, kuma har yau ana ba mutane shi a ƙasashe da dama. A makonni biyun farko Toka ta yi ta barci, tana tangaɗi idan ta tashi, ga ci da shan ruwa fiye da kima, har na fara tunanin ko maganin ya fi ciwon cutar da ita. Likita ya ce in yi haƙuri, jikinta zai saba, kuma haka aka yi. Bayan mako uku aka ɗebi jininta don a ga yawan maganin a ciki da lafiyar hantarta. An ba ni wani ɗan bututun dayazifam da ake matsawa ta dubura don gaggawa, aka ce idan faɗuwa ta kai minti biyar ba ta tsaya ba, ko ta faɗi sau biyu a cikin awa ashirin da huɗu, to babu jira, asibiti za a nufa ko da tsakar dare ne. A wannan zama ne kuma na koyi cewa jikin kyanwa ba ya sarrafa magunguna kamar na mutum ko na kare. Buromaid da ake ba karnuka masu farfaɗiya yana lalata mata huhu, farasitamol ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin pametirin kuwa yana sa ta makyarkyata da faɗuwa ko da gogar karen da aka shafa wa kawai ta yi.

Daga nan rayuwar gidanmu ta koma bin agogo. Da farko na so in haɗa lokacin maganin da sallar asuba da ta isha don kada in manta, amma a ƙasar nan lokutan salla suna tafiya da nisa tsakanin hunturu da bazara, maganin kuwa awa goma sha biyu yake so ba ragi ba ƙari. A daren 5 ga Nuwamba, da ake wasan wuta a ko'ina cikin gari, na zauna da ita a ɗaki da labule a sauke har ƙarar ta lafa. Mun bar walimar auren 'yar wata ƙawata a Bamingam tun kafin a kawo abinci, domin mu iso gida kafin bakwai. A azumi, bakwai na dare ta faɗo tsakanin shan ruwa da asham, sai maigidana ya karɓi wannan aikin. Da Lahadin ƙarshe ta watan Maris ta matso, ranar da ake tura agogo gaba da awa ɗaya, na riƙa matsar da lokacin da minti goma sha biyar kowace rana har kwana huɗu. Ba zan ce babu gajiya a ciki ba, akwai ta sosai, musamman da safen hunturu lokacin da gari ke da duhu kuma ita ta ɓuya a bayan labule saboda ta gane ƙarar murfin kwalbar.

Sau ɗaya na yi sakaci, kuma har yanzu yana damuna. A watan Janairu na saba ɓoye mata rabin ƙwayar a cikin ɗan naman gwangwani, na ga tana cinyewa, sai na daina tsayawa in tabbatar. Ashe ta koyi lashe naman ta tofar da ƙwayar. Wata Juma'a da dare ta faɗi, kafin asuba ta sake faɗuwa, ta biyun ta kai minti uku. Muka naɗe ta a bargo muka tafi asibitin dabbobi na dare, aka kwantar da ita aka yi mata allura. Da na dawo ina share ɗakin sai na tsinci ɓallin ƙwaya huɗu a bayan bututun ɗumama ɗaki, wato kwana biyu cur ba ta sha magani ba. Fenobabiton magani ne da ba a yanke shi farat ɗaya, domin yankewar kanta tana jawo faɗuwa mai tsanani. Na kira matar ƙungiyar na gaya mata gaskiya, ba ta yi mini faɗa ba, ta dai turo wata tsohuwar mai riƙo ta koya mini yadda ake naɗe kyanwa a tawul, a ɗaga kanta, a sa ƙwayar a can ƙarshen harshe, a shafa maƙogwaronta har sai ta lashi hancinta, alamar ta haɗiye. Tun daga ranar nake ƙirga ƙwayoyin da suka rage kowane dare in rubuta.

Hajiyarmu ta ga Toka ne a kiran bidiyo, ta tambayi dalilin da ya sa ɗakin ya zama fayau babu kaya, na gaya mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, da yarinya a gidan za ki ajiye abu mai farfaɗiya? Ki mayar musu da abinsu." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, likita ya tabbatar mini ba a ɗauka." Ban ga laifinta ba, kuma da na yi tunani sai na ga tsoron nata yana da tushe a wani ɓangaren. A gida, dabbar da ke dalalar miyau tana fizge-fizge tana iya zama mai ciwon haukan kare, wanda yake kama maguna ma, yake shiga mutum ta cizo da miyau, kuma yake kisa idan alamunsa suka bayyana. Ingila ta rabu da wannan ciwo a dabbobin gida tun 1922, shi ya sa nake iya durƙusawa kusa da Toka hankali kwance. Wanda ya ga baƙuwar kyanwa a wannan hali a Kano ko Maraɗi, daidai ne ya nisance ta ya nemi ma'aikacin dabbobi, idan kuma ta cije shi ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti goma sha biyar ya garzaya asibiti. Haka kuma kyanwar gida da ta faɗi kwatsam, a fara tunanin fiya-fiya ko maganin ɓera. Kuskurenmu shi ne mun ɗauki tsoron da ya dace da dabba mai hauka muka ɗora a kan yarinya 'yar aji huɗu.

Wannan magana ta ƙarshe na faɗa wa Hajiya a wani kiran na daban, na kuma tuna mata hadisin da ita ce ta fara karanta mana shi, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Abbas, na matar da ta zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana farfaɗiya kuma jikinta yana buɗewa. Da aka ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da Aljanna ko addu'ar waraka, ta zaɓi haƙuri, amma ta roƙi a yi mata addu'a kada ta riƙa buɗewa, aka kuma yi mata. Ina yarinya haƙurin kaɗai na ji a cikin labarin. Yanzu abin da ya fi tsaya mini shi ne sutura ce babbar damuwar matar, mu kuwa mun tsaya daga nesa muna kallon 'yar ajinmu ba ko mai jefa mata mayafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 nasu suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa idan an gano ciwon an ba su magani yadda ya kamata. Abin yana yi mini nauyi a zuciya cewa kyanwar da aka tsinta a bayan shago tana samun gwajin jini da magani a kan lokaci, alhali akwai 'yan uwanmu da ba a taɓa kai su gaban likita a kan wannan ciwo ba. Ban ɗauki wannan a matsayin dalilin hana Toka maganinta ba, amma ya hana ni ci gaba da yin kamar na manta.

Yau wata bakwai ke nan tana wurinmu. Kwana sittin da ɗaya rabonta da faɗuwa, nauyinta ya kai kilo 4.1, tana kwana a ƙafar gadon 'yata, kuma ta koyi zuwa ta zauna a gefen sallaya idan na tayar da salla. Mutum biyar sun nemi ɗaukarta bayan sun ga hotonta, huɗu sun janye da suka ji batun maganin, ta biyar, wata dattijuwa mai ritaya da ke zaune ita kaɗai, za ta zo ranar Asabar ta gan ta. Na riga na kwafe mata littafin, na kuma shirya nuna mata bidiyon faɗuwar tun kafin ta ɗauki kyanwar a hannu, domin gara ta gani yanzu ta yanke shawara da ta gani ita kaɗai da tsakar dare.

Makon jiya Hajiya ta kira ni da kanta. Ta sa an bincika mata a tsohuwar unguwar Gwaggo, an ce 'yar ajin namu tana raye, tana zaune a gidan yayanta a wani ƙauye da ba shi da nisa da Zariya, hannunta na dama yana da tabon ƙuna daga faɗawa murhu, kuma har yanzu ciwon yana tashi. Na roƙi ƙanena ya je ya gaishe da yayan nata, ya nemi izininsa a kai ta ta ga likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuɗin mota da na magani a kaina. Na ce ya gaya mata sunana da ajinmu, ya kuma ce mata ina neman gafararta. Ya ce zai je bayan sallar Juma'a.